Talabijin Na Cinye Gefen Hoto: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kashe Obasikan

Wannan matsalar ana yawan kawo ta, musamman ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da suke jona laftof da babbar shasha, wato allon talabijin, don karatu, da masu shaguna a Jidda da Makka da suka sa kyamara, har da ladanai da aka ɗora wa kula da allon lokutan sallah. Kowa da yadda yake faɗinta amma ciwon ɗaya ne, hoton ya fi allon girma, gefe-gefe ya shige ciki ba a ganinsa. Abu ɗaya nake roƙo tun farko, ka fara gyara daga talabijin ɗin, kar ka fara da taɓa kwamfuta ko risiba, zaka ga dalili a ƙasa.

Malam wai mene ne obasikan (overscan a Turance) ɗin nan, lalacewa ce?

A'a ɗan uwa, ba lalacewa bace, babu abinda ya ƙone. Saiti ne da talabijin take zuwa da shi daga kamfani, tana karɓar hoton da aka turo mata sai ta ɗan hura shi ya ƙara girma kaɗan, abinda ya wuce bakin allon ta sama da ƙasa da dama da hagu sai ya faɗi waje. Mu dai cin gefe muke ce masa. Idan kallon tasha kake yi bazaka taɓa lura ba saboda babu wani abin kirki a can bakin, amma da zarar ka jona kwamfuta asiri ya tonu, tunda ita kwamfuta har ƙarshen allo take ajiye kayanta, agogo da maɓallin Start da alamar rufe shafi duk a lungu suke zaune.

To me yasa kamfanoni suka sa abin da yake yanke hoto da gangan?

Gado ne daga zamanin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, irin wadda mutum biyu suke kama. Ita waccan ba ta da ɗigo-ɗigon da suke a tsaye wuri ɗaya kamar na yanzu, wani haske ne yake gudu daga baya yana zana hoton layi-layi a jikin gilashi, kuma girman hoton yana canzawa da ƙarfin wuta da zafin akwatin da kuma tsufanta, ga kusurwoyin gilashin a lanƙwashe. Babu yadda za ayi talabijin biyu su tsayar da hoto daidai wuri ɗaya. Sai masu ƙera ta suka ce gara a zana hoton ya ɗan zarce bakin gilashi, da a bar baƙin fili ko datti yana leƙowa. Su ma gidajen talabijin suka san da haka, suka riƙa barin rara a gefe, kamar dai yadda tela yake barin rarar yadi a baki don ya san ɗinki zai cinye ta. A tsohuwar ƙa'ida duk abu mai muhimmanci ana ajiye shi cikin kashi 90 cikin 100 na tsakiyar hoto, rubutu kuma cikin kashi 80, da aka shigo zamanin HD aka sassauta zuwa 93 da 90. Shi yasa har gobe zakaga tambarin tasha, ko wajen da ake rubuta ci a wasan ƙwallo, bai taɓa mannewa da bakin allo ba.

Yanzu talabijin ɗin LCD da LED da OLED ba su da buƙatar wannan ko kaɗan, kowane ɗigo yana wajensa ba ya motsi, amma kamfanoni sun ci gaba da barinsa a kunne a wasu samfuran saboda tsofaffin tashoshi da gefensu yake da datti, suna gudun mai saye ya ga wani layi yana rawa a sama ya dawo musu da kaya. A cikin tsarin HDMI ma akwai ɗan saƙo da na'ura take iya aika wa talabijin cewa kar ki yanke min gefe, to ba kowace talabijin take jin maganar ba.

Ta yaya zan tabbatar ita ce matsalata?

Jona laftof ka duba layin ƙasa na Windows inda agogo yake, in rabinsa ya nitse ko babu shi gaba ɗaya, ita ce. Ka kai kibiyar maus sama can ƙarshe, in ta ɓace kamar ta fita daga allon, ita ce. Wanda Windows ɗinsa na Larabci ne ya tuna komai a juye yake, alamar rufe shafi tana sama ta hagu ne ba dama ba, kar ya je yana nemanta inda babu ita yace an cinye. Hanya mafi tabbas kuma, ka buɗe Paint ka yi hoto mai girman 1920 da 1080, ka zagaye bakinsa da siririn jan layi, ka buɗe shi ya cika allo. In kana ganin jan layin ta ɓangare huɗu lafiya lau, in ba ka gani akwai cin gefe.

Nawa take cinyewa ne haka?

Ya danganta da talabijin, yawanci kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Kamar ba yawa ko? Bari mu yi lissafi. Hoton Full HD ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. In ta ci kashi 2.5 ta kowane gefe, ka rasa ɗigo 48 a dama, 48 a hagu, layi 27 a sama, 27 a ƙasa. Layin ƙasa na Windows 10 tsayinsa ɗigo 40 ne, na Windows 11 kuma 48, kaga an tafi da fiye da rabinsa kenan. Kuma asarar ba a gefe kaɗai ta tsaya ba, wannan ne mutane da yawa ba su sani ba, sauran hoton da ya rage dole a ja shi a baza ya cike allon, ɗigo ɗaya na kwamfuta baya sauka kan ɗigo ɗaya na talabijin, shi yasa rubutu yake yin dishi-dishi, mai karanta littafin PDF na Larabci mai wasula ƙanana zai ji a idonsa kafin awa ɗaya.

To a ina ake kashe shi?

Nan ne rigimar take, domin kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, kuma da wuya ka ga an rubuta sunan abin ƙarara. Ka fara kunna na'urar da kake so ka gyara wa, ka tsaya a kan HDMI ɗinta, sannan ka shiga saitin hoto, saboda yawancin talabijin kowane rami da nasa saitin, in ka gyara HDMI 1 bai shafi HDMI 2 ba.

A Samsung ka shiga Picture, sai Picture Size Settings, ka bar girman a 16:9 sannan ka mayar da Fit to Screen ya koma On, a tsofaffinsu kuma Screen Fit zaka gani a cikin jerin girman hoto. A LG sunansa Just Scan, yana ƙarƙashin Aspect Ratio, ka kunna shi. Sony nata yana wajen Screen, ka nemi Display Area ka zaɓi Full Pixel, in yaƙi zaɓuwa ka fara kashe Auto Display Area kuma Wide Mode ya zama Full. Panasonic ita kam ta faɗi gaskiya, 16:9 Overscan ta rubuta, sai ka sa Off. Sharp tana cewa Dot by Dot, Toshiba tana cewa Native, Philips kuma Unscaled ko Original. Hisense da TCL da suka cika kasuwa yanzu, da yawansu akwai Overscan a cikin Advanced Settings na hoto ka kashe kawai, wasu Hisense ɗin kuma Direct ne a jerin girman allo. Ƙananan kamfanonin nan masu araha ka danna maɓallin Aspect ko P.Size ko Zoom a rimot ka yi ta zagayawa, kana neman wani abu kamar Point to Point ko 1:1 ko Just Scan ko PC.

Sunayen suna ɗan canzawa daga shekara zuwa shekara, amma ma'anar ɗaya ce, ɗigo kan ɗigo ba ƙari ba ragi.

Tawa menu ɗinta duk Larabci ne, ya zanyi?

Ka shiga الإعدادات sai الصورة sannan ka nemi حجم الصورة ko نسبة العرض إلى الارتفاع, a nan yake ɓoye. Amma shawarata ko kana jin Larabci kamar ɗan Ɗa'if, ka mayar da yaren zuwa Turanci na minti biyar ka gyara ka dawo da shi, saboda fassarar waɗannan saitunan kowane kamfani yadda ya ga dama yake yi, wani lokacin ko Balaraben bai gane me ake nufi ba.

Na samu wajen amma ya yi fari-fari baya dannuwa

Dalilai kaɗan ne suke kawo haka. Na farko hoton da yake shigowa ba HD bane, misali risibarka tana kan 576i, ko kuma da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ka jona, ita wannan babu yadda zakayi da ita sai ka koma HDMI ka sa risibar a 1080i ko 1080p. Na biyu girman hoton yana kan Zoom ko 4:3, mayar da shi 16:9 tukuna. Na uku kwamfutar tana turo wani girma da talabijin ba ta saba da shi ba kamar 1600 da 900, sa ta a 1920 da 1080. Na huɗu kuma wanda ba matsala bane, kana cikin manhajar kallo irin su YouTube ko Shahid na cikin talabijin ɗin kanta, ko tana karɓar 4K, a nan yawanci babu cin gefe dama shi yasa aka kulle wajen.

An ce in canza sunan ramin HDMI zuwa PC, da gaske yana aiki ko camfi ne?

Yana aiki wallahi, kuma ni a ganina shi ya fi komai ga mai laftof. A Samsung ka danna Source, ka tsaya kan ramin, ka shiga Edit ka zaɓi PC. A LG ka shiga jerin abubuwan da aka jona ka canza alamar ramin zuwa PC. Da ka yi haka talabijin ta san kwamfuta ce, sai ta daina yanke gefe kuma ta ajiye yawancin kwalliyar da take yi wa hoto, launin rubutu ya fito tsaf, jan rubutu kan baƙi ya daina zuba. Tsofaffin talabijin wasu rami ɗaya ne kawai yake yarda da wannan, ka leƙa baya ka nemi wanda aka rubuta HDMI/DVI ko PC a jikinsa. Kar ka ji tsoro in ka ga wasu saitunan hoto sun kulle bayan nan, haka tsarin yake.

A haraj na sayo ta, babu rimot ɗinta na asali kuma na duba ko'ina babu wannan saitin

Kayan haraj kenan, wato kasuwar kayan hannu irin Harajin Sawarikh na Jidda, ana samun alheri amma sai da haƙuri. Ka fara neman rimot irin nata a shagunan kayan wuta, domin rimot ɗin gama-gari sau da yawa babu maɓallin girman hoto a jikinsa, ko ka gwada maɓallan jikin talabijin ɗin ko suna buɗe menu. In duk ka yi babu, to sai a koma gyara daga na'urar. A kwamfuta ya danganta da kamfanin katin da yake fitar da hoto a cikinta, mai NVIDIA ya buɗe NVIDIA Control Panel, Adjust desktop size and position, shafin Size, ya kunna canza girma ya ja har kusurwoyi huɗu su bayyana. Mai AMD ya shiga Display ya ja HDMI Scaling kaɗan-kaɗan. Mai Intel, wanda shi ne yawancin laftof ɗin ɗalibai, ya buɗe Intel Graphics Command Center, Display, ya sa Scale a Custom. Mai MacBook zai ga Underscan ko Overscan a cikin Displays idan talabijin tana jone.

Amma ka sani wannan rufin asiri ne ba magani ba, kuma shi ne dalilin da na ce a fara da talabijin. Kwamfutar ce take matse hoton ya ƙanƙance ta zagaye shi da baƙi, sannan talabijin ta sake hura shi ta cinye baƙin, an taɓa hoto sau biyu kenan, gefe ya dawo amma rubutu ya ƙara laushi. Wanda talabijin ɗinsa take da saitin ya tsallake shi ya zo yana jan wannan, ya cuci idonsa a banza.

Ni nawa akasin haka ne, baƙin fili ne ya zagaye hoton ta ko'ina

Wannan na'urar ce take matse hoton alhali talabijin ba ta yanke komai. Tsofaffin direbobin AMD, wato manhajar da take tafiyar da katin hoton, sun shahara da yin haka da kansu da zarar sun ga HDMI, ka mayar da HDMI Scaling zuwa 0. Haka in wani ya taɓa gyarawa daga kwamfuta a baya sannan kai ka zo ka kunna Just Scan, dole ka koma ka warware nasa.

Tawa inci 32 ce, na yi duk abinda aka ce amma rubutu bai fito ras ba

Duba bayanta ko kwalinta, in ka ga HD Ready to akwai yiwuwar allon 1366 da 768 ne, ba 1920 da 1080 ba, ko da tana karɓar 1080 ɗin matse shi take yi. Irin wannan ba ta daidai da 720 ba ta daidai da 1080, kullum sai an ja hoto. Ka gwada sa kwamfutar a 1366 da 768 ko 1360 da 768, kuma in tana da ramin VGA, shuɗin nan mai ƙusoshi biyu, sau da yawa ya fi HDMI fitar da rubutu a irinsu, sai dai sauti ka nema masa waya daban.

Yara sun ce PlayStation tana yanke musu taswira da wajen ci

Hajiya gyaran dai ɗaya ne, a fara da talabijin a kan ramin da wasan yake. In bai yiwu ba, PS5 tana da Adjust Display Area a cikin Screen and Video, PS4 kuma Display Area Settings a cikin Sound and Screen, ana matsowa har da'irorin kusurwa su fito. Xbox nata yana TV & display options wajen Video fidelity & overscan, Nintendo Switch kuma Adjust Screen Size a TV Settings. Yaran ma sun fi mu sanin hanyar, ki ba su sunan kawai.

Allon lokutan sallah na masallacinmu baya nuna layin ƙasa inda ake ƙirga iƙama

Yawancin waɗannan allunan talabijin ce aka rataye da ɗan akwatin Android a maƙale a baya. A nemo rimot ɗin talabijin ɗin, ba na akwatin ba, ayi abinda muka faɗa a sama. In rimot ya ɓata tun ranar da aka rataye ta, abinda yake faruwa kusan kullum, to a saitin akwatin wajen Display akwai Screen Position ko Screen Percent, a rage daga 100 zuwa wajen 95 har layin ya fito, tunda lambobin manya ne laushin bazai dami kowa ba. Fire TV tana da Calibrate Display. In 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi aka sa kuma baƙin fili ne ya zagaye allon, a tsofaffin tsarinsa ana rubuta disable_overscan=1 a fayil ɗin config.txt. Masu shago da kwanan wata da lokaci suka ɓace a kusurwar allon kyamara su ma wannan ce, kuma hankalinsu ya kwanta, abinda na'urar take ajiyewa cikakke ne, a allon ne kawai aka yanke. Majigin da ake haska darasi da shi ma yana da nasa, a Epson yana cikin menu na Signal.

Na kashe, yanzu wani farin layi yana rawa a saman wasu tashoshin Nilesat

To ka ga dattin da aka ƙirƙiri abin don ɓoyewa kenan. Tashoshin da har yanzu suke kan 720 da 576, ko suke saka tsofaffin kaset, gefensu ba shi da tsabta, wani lokacin siririn baƙi a dama da hagu, wani lokacin ɗigo-ɗigon fari a layin farko na sama, wani lokacin kore a ƙasa. Ba talabijin ɗinka bace. Tashoshin HD irin na Alƙur'ani da ake haskowa daga Harami da ta Sunna daga Madina ba zaka ga wannan ba. Tunda kowane rami da saitinsa, ka bar cin gefen a kunne a ramin risiba in layin yana damunka, ka kashe a na kwamfuta da na wasa, shikenan kowa ya samu nasa.

Baƙin da yake sama da ƙasa idan ina kallon fim fa?

Wannan ba ruwansa da maganarmu. Finafinan silima sun fi allon 16:9 faɗi, da yawa 2.39:1 ne, dole a samu baƙi sama da ƙasa, tsofaffin finafinan gida na zamanin kaset kuma 4:3 ne, baƙinsu a dama da hagu. Haka wayar hannu in ka haska ta a talabijin, ta fi allon tsawo. Ka bar shi haka, in ka danna Zoom don ya cika ka yanke kawunan mutane da fassarar ƙasa da hannunka.

Gefe ya dawo amma rubutu yana da wani farin kewaye

Sharpness ne yayi yawa, rage shi sosai, ka fita daga Vivid ko Dynamic ɗin da ake sawa a shago don jan ido. Mai 4K ya tabbatar kwamfutar tana kan 3840 da 2160, in rubutu yayi ƙanana ya ƙara Scale na Windows zuwa 150 ko 200 maimakon rage girman hoton. In maus yana tafiya da nauyi to kana kan 30Hz ne, 4K a 60Hz yana son HDMI 2.0, kuma sai ka buɗe wa ramin hanya, Samsung tana ce masa Input Signal Plus, LG HDMI Ultra HD Deep Colour, Sony Enhanced format.

Wani yace akwai ɓoyayyen menu na masu gyara da ake shiga da lambobi, in gwada?

Dan Allah kar ka shiga. Akwai shi, amma ba a yi shi don mu ba, babu maɓallin komawa baya, ka canza lamba ɗaya da ba ka sani ba allon ya juye ko launi ya rikice ko ta ƙi tashi, kuma zaka iya zubar da garantin shekara 2 da kake da shi a kan sabon kaya. Haka talabijin ɗin ɗakin otal lokacin Umara, an kulle saitinta ne da gangan, ka gyara daga laftof ɗinka na kwanakin da zakayi ka bar musu kayansu.

Zan sayi talabijin in tafi da ita gida tsaraba, me zan duba kan wannan?

Alhaji in 4K ce ta shekarun nan daga sanannen kamfani, da wuya ka sha wannan wahalar. Inda ake samunta shi ne ƙananan inci 32 da 40 masu araha da kuma na hannu. Ka tafi da laftof da wayar HDMI, ko ka sa hoton jan layin nan a filashi, ka roƙi mai shago ya jona kafin ka biya, ka ga layin ta ɓangare huɗu da idonka, kuma ka sa ya nuna maka inda saitin girman hoto yake a rimot. Ka leƙa takardar bayanta ka ga an rubuta 50/60Hz, tunda wutar Saudiyya 60 ce ta Najeriya da Nijar 50, sannan rimot ɗin asali ka sa shi a jakar hannunka kar ya bi kwali cikin kago.